Takarda Biyu a Kwalba Ɗaya

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka buɗe mini sito, bayan kwana tara a kulle. Warin wurin bai canja ba. Shugabar makaranta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ta miƙo mini makullai da sabuwar rajista. Ta ce kwamiti na so a ƙirga duk kwalbar da ke kan kanta, a cire tsofaffin takardun suna, a rubuta sababbi bisa ƙa'idar littafin yanzu. Mako uku suka ba ni. Ranar da suka cika, ranar za su zauna a kan maganar Malam.

Ta ce, "Allah ya so ki, ba kya nan ranar. Ke kam kin fita."

Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

Shekara goma sha tara ina kula da ɗakin gwaji na makarantar nan, ban taɓa barin makullin sito a hannun kowa ba sai safiyar Talatar da na kai Inna asibiti. Awa uku kacal. Na dawo na tarar da 'yan aji huɗu a tsaye a baranda sun yi tsit, famfo na ta zuba ba kowa a wajen, an riga an wuce da yarinya ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma a ido. Kwalbar da aka raba musu, a jikinta an rubuta ruwan gishiri. Soda ce a ciki, irin mai cin fata.

Malam ya ce shi ya haɗa ruwan da safen nan, ya ɗebo daga gwangwanin da ba shi ba. An dakatar da shi. Shekara talatin da huɗu yana koyar da ilimin sinadarai, wata uku ya rage ya yi ritaya. In kwamiti ya kama shi da sakaci, kora ce.

Kwalba ɗari biyu da sha ɗaya. Sau biyu na ƙirga.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Na fara daga kantar sama, hannun hagu. Roba da ruwan ɗumi, reza, gam, sababbin takardu, baƙin alƙalami. Aikin da daɗi in mutum bai yi tunani ba.

Na rubuta ƙa'idojin suna a bayan murfin rajista, ba don na manta ba, don hannuna ya sami abin yi. Ta farko: in ƙarfe ya haɗu da abin da ba ƙarfe ba, sunan ƙarfen ake fara kira, cikakke yadda yake. Ɗayan ya biyo baya, a yanke masa wutsiya a liƙa masa "aid". Sodiyam da kulorin, sodiyam kuloraid, wato gishirin da ke cikin miyar kowa. Magniziyam da oksijin, magniziyam oksaid. Shi ke nan.

Malam ne ya koya mini, a kan bencin ƙarshe, shekarar da aka ɗauke ni aiki ban san komai ba sai wankin kwalba. Ya ce, "Ki ɗauka gida kika shiga gaisuwa. Babban yaya za ki fara gaisarwa, da sunansa cikakke. Ƙanen kuwa ko kin gutsure masa suna ba zai yi fushi ba." Yana magana garin alli na zuba daga hannun rigarsa. Shi ya sa yara ke ce masa Malam Alli a bayan ido, kuma ya sani.

Kwalba goma sha takwas yau.

Ba na son rubuta wannan, amma zan rubuta. Rabon Malam da haɗa ruwan gwaji da hannunsa ya fi shekara goma. Ko inda nake ajiye ma'auni bai sani ba. Kuma soda ƙwaya-ƙwaya take, gishiri gari ne, ɗan aji ɗaya ma ya kalla zai bambance.

Asabar, bayan la'asar

Maigida ya dawo daga shagonsa na kafinta da garin katako har a gira, ya tarar ina jera gwangwanayen kicin, ina juya rubutun kowanne ya fuskanci gaba.

Ya ce, "To, uwar kwalabe, yau sukari me za mu kira shi? Kar in roƙi sukari a miƙo mini guba."

Na yi dariya. Shi ma ya yi, sai ya tuna, ya haɗiye ta. Ya ce, "Afuwan. Bakina ne ba shi da birki."

Ƙafar Inna da sauƙi. Kullum sai ta tambayi jikin yarinyar, don ta san saboda ita na bar aiki ranar. Na ce mata da sauƙi. Ban sani ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Kanta ta biyu. Na jiƙa takardar wata kwalba, na sa reza, ta ɗago, sai ga wata takardar a ƙasanta, ta yi ruwan ƙasa. Rubutuna ne na da can, lokacin ina yi wa haruffa ado. Ta sama ta ce kalsiyam kuloraid, ta ƙasa ta ce fotasiyam ayodaid.

Ba abin mamaki ba ne, haka muke yi. Kwalabe masu kyau ba su da yawa. In abin da ke cikin ɗaya ya ƙare, sai in wanke ta sau uku, in zuba wani abu, in manna sabuwar takarda a kan tsohuwar. Kankare tsohuwa na cin lokaci, kuma gam ya fi kama takarda a kan kama gilashi. Shekara goma sha tara ba a taɓa samun matsala ba.

Guda huɗu na samu irin haka kafin a tashi. Na kankare su tas har gilashi na ƙara.

A rajista akwai gurbin ƙarshe da aka rubuta wa "bayani". Na bar shi fari.

Talata, sha ɗaya na safe

Na ja kantar da ke kusa da famfo don in share bayanta. Bangon wurin kullum a jiƙe yake, na gaji da gaya wa mai gyara. A ƙasa, tsakanin ƙafar kanta da bango, ga takardar suna ɗaya ta nannaɗe, gam ɗinta ya mutu.

Sodiyam haidiroksaid, sunan soda ke nan a littafi. Rubutuna. Kwanan watan da na zuba, farkon zangon nan. Har da jan layin da nake ja a ƙarƙashin duk abin da ke ƙuna.

Na tsaya da ita a hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Sannan na sa ta a aljihun farar rigata, na mayar da kanta, na ci gaba da aiki. Kwalba ashirin da biyu. Hannuna bai yi rawa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Talata, bayan magariba

Kwalbar tawa ce. Ni na zuba sodar a tsohuwar kwalbar ruwan gishiri, na manna sabuwar takarda a kai, laima ta ɗaga ta ta faɗi. Malam ya shigo, ya karanta abin da ya gani, ya ɗauka. Bai haɗa komai ba.

Laraba, da rana

Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, ƙarfe uku na yamma

Ƙa'ida ta biyu, ita na wuni a kanta yau. Akwai ƙarafan da ba su tsaya a hali ɗaya ba. Ayon, wato baƙin ƙarfe, wani lokaci caji biyu yake ɗauka, wani lokaci uku, kuma abin da yake bayarwa ba ɗaya ba ne. Mai biyun kore ne, mai ukun ruwan tsatsa. A da "feras" da "ferik" muke rubutawa, sai mutum ya haddace wanne ne wanne, yara su yi ta ruɗewa har ranar jarrabawa. Yanzu lambar Rumawa ake sawa a cikin baka, manne da sunan ƙarfen: ayon(II) salfet, ayon(III) kuloraid. Sodiyam ba ruwansa da lamba, shi caji ɗaya gare shi ko'ina aka same shi.

Ni na fi son sabon tsarin. Malam kuwa bai taɓa sonsa ba, wai an mayar da sinadarai 'yan gidan yari, kowa da lambarsa. Amma shi yake koya wa yara, kuma wanda ya manta bakan nan ya shiga uku.

Shugaba ta leƙo wajen ƙarfe biyu. Ta ce, "Kai, sito ya fito fes. Na gaya wa kwamiti, da kowa na aiki irin naki da ba mu shiga wannan ba."

Na ce na gode. Takardar na aljihuna na hagu.

Juma'a, sha biyu da rabi

Mahaifiyar yarinyar ta zo karɓar littattafanta. 'Yar ƙaramar mace ce, da allura a maƙale a gefen mayafi, ina jin ɗinki take yi. Ta ce a nuna mata matar sito. Ta kama hannuna da hannu biyu.

Ta ce, "Baiwar Allah, an ce da kina nan da hakan ba ta faru ba. 'Yata na yawan maganarki, wai ke ce mai sa su wanke hannu sau biyu."

Na tambayi idon. Ta ce na dama lafiya lau. Na hagu likita ya ce a jira.

"A jira me?"

"Haka dai ya ce, a jira."

Sannan ta faɗi wasu maganganu a kan Malam waɗanda ba zan rubuta ba. Na tsaya ina ji, hannuna a cikin nata. Kunyar da na ji yau ban taɓa jin irinta ba, kuma duk da haka ban faɗa ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Malam. Matarsa ce ta buɗe mini, ta rame, ta ce, "Gara da kika zo. Ki yi masa magana. Ba ya ci, ba ya fita. In ya zama dole sai ya zagaya ta bayan kasuwa don kar ya gamu da ɗalibansa."

Yana zaune a baranda da singileti, yana gyara tsarin darasin makon gobe, wanda ba shi zai koyar ba. Muka gaisa. Ya tambayi ƙafar Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya kanta ta nawa na kai. Da matarsa ta shiga ɗora shayi, na ciro takardar na ajiye a kan teburinsa.

Ya kalle ta, bai taɓa ba. Ya ce, "A bayan kantar famfo?"

"E."

"Na nema ranar, ban gani ba."

"Ashe ka sani, Malam."

"Murfin roba ne a kan kwalbar. Ruwan gishiri me zai yi da murfin roba? Soda ake sa wa roba, don kar murfin gilashi ya manne. Na gani da idona, ina sauri, ban tsaya ba. Sai da yarinyar ta yi ƙara kaina ya dawo."

"Amma ka ce kai ka haɗa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Wa ya koya miki manna takarda a kan takarda?"

Wallahi na manta, na ɗauka da ita aka haife ni. Sai yanzu na tuna, makona na farko, ina ta fama da reza a jikin wata kwalba, ya zo wucewa ya ce kar in ɓata lokaci, in shafa gam in rufe ta.

Ya ce, "Ke kin manta, ni ban manta ba. Saurara, 'yata. Ni wata uku ya rage mini, in an kore ni, tsoho aka kora. Ke fa? Yaranki uku, Innarki na hannunki. Mayar da abin nan aljihu, ki je ki gama kwalabenki. Shekara sha tara ban roƙe ki komai ba. Yau na roƙa."

Matarsa ta fito da shayi. Ba ta san komai ba, ta fuskarta na gane. Na mayar da takardar aljihu kafin ta ajiye faranti. Na sha shayin duka, har na ce ya yi daɗi.

Litinin, ƙarfe huɗu

Kwalba talatin. Masu takarda biyu, bakwai. Ya roƙe ni, ai ya roƙe ni.

Talata, ƙarfe goma na safe

Kwamiti na so a sabunta har da jadawalin bango, shi nake yi yau. Ƙa'ida ta uku: in babu ƙarfe a cikin haɗin, ƙirgawa ake yi a cikin sunan. Mono ɗaya, dai biyu, tirai uku, tetira huɗu. Kabon da oksijin biyu, kabon dayoksaid, wanda muke fitarwa da numfashi. Kabon da oksijin ɗaya, kabon monoksaid, wanda ke kashe mutum in ya rufe ɗaki da janareta. Na farkon, in ɗaya ne, ba a sa masa mono.

Bango ɗaya ne tsakanina da ajin, ina jin malamin da aka aro yana karanta musu wannan darasin daga littafi. Ba laifinsa, lissafi yake koyarwa, bawan Allah. Gudu yake kamar ana binsa. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Malam, yaushe Malam zai dawo?" Ya ce ta buɗe shafi na arba'in.

Na ɓata takarda biyu a kan kalmar tetira.

Laraba, bayan sallar asuba

Ina ɗora ruwa maigida ya shigo kicin, ya tura ƙofa. Ya ce, "Kwana takwas ke nan kina ture abinci gefe. Ni ba likita ba ne, amma ina da ido."

Na gaya masa. Duka, har zuwa gidan Malam. Ya kifa bokiti ya zauna a kai.

"Malam ya ce ki yi shiru?"

"E."

"Ke fa?"

"Ban sani ba."

Ya ce, "Ni dai in na yi wa mutum kujera ta karye da shi, ko maigidana ne ya koya mini haɗin, ni na buga ƙusar." Sai ya ɗago. "Amma kar ki ga ina cika baki, cikina ya ɗuri ruwa. Ba ni zan tsaya gaban kwamiti ba. Duk abin da kika yi, gidan nan dai gidanki ne."

Ruwan ya tafasa ya kusa ƙonewa, ba wanda ya lura. Inna ta ƙwalo kira daga ɗaki, wai ko mun tafi haƙo rijiya ne.

Alhamis, ƙarfe biyu

Masu oksijin a ciki. In ya fi yawa, sunan ya ƙare da "et". In ya ragu da ɗaya, "ait". Naitiret uku, naitirait biyu. Salfet huɗu, salfait uku.

Na kai kan kwalbar da na fi so a sito duka, mai shuɗin duwatsun nan kamar na sarƙa. Tsohuwar takardarta "shuɗin dutse" kawai ta ce, rubutun wanda na gada. Sabon sunan sai da na matse haruffa kafin ya shiga: kofa(II) salfet fentahaidiret. Fenta biyar, haidiret ruwa. Wato ruwa biyar ke maƙale a ciki, ba a ganinsa, dutsen a bushe yake ƙamas, amma shi ya ba shi launin. In aka ɗora a wuta ruwan ya fita, sai ya koma fari.

Na zauna da ita a cinya kusan rabin awa. Ba abin da nake tunani. Hankalina a kwance yake, wanda kuma bai kamata ba.

Juma'a, da yamma

An yi ruwa. Bangon famfo ya ƙara jiƙewa. Ban faɗa ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya

Na kai wa Shugaba takardar neman gam, na tarar tana waya, ta yi mini alama in zauna. A kan teburinta ga wasiƙa an buga, sunan Malam a sama. Ban karanta ba, idona ne ya karanta. Sa hannu kawai ya rage.

Da ta gama ta ga inda nake kallo, ta kifa wasiƙar. Ta ce, "Ni ma ba daɗi nake ji ba. Shi ya koyar da ƙanena. Amma shi da bakinsa ya amsa, me zan yi?"

Ta ce an cire wa yarinyar bandeji. Na hagun na ganin haske da inuwa.

Talata, ƙarfe uku da rabi

Na gama. Ɗari biyu da sha ɗaya, kowacce da takarda ɗaya, ƙasanta gilashi.

Masu takarda biyu, ashirin da uku. Na ajiye lambobinsu a wata 'yar takarda tun ranar farko, ban san dalili ba, ko kuma na sani. Na koma shafin farko na rajista, na bi gurbin bayani ina cikewa: "An sami tsohuwar takarda a ƙasa. Ni na manna." Sau ashirin da uku. Daga na goma hannuna ya saba.

A layin ƙarshe na ƙara kwalba ta ɗari biyu da sha biyu, wadda aka raba wa yara ranar, da ke kulle a kabad ɗin Shugaba.

Laraba, bayan la'asar

Na kira Malam a waya, don kar ya ji a bakin wani. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kin raina ni ke nan."

Na ce, "A'a, Malam."

Ya kashe.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na goge farar rigata. Maigida ya ce zai raka ni har ƙofar makaranta, na ce ai ba amarya ba ce. Ya dai sa takalmi.

Alhamis, da yamma

Na faɗa.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Ban je aiki ba, an ce in zauna a gida. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

'Yan kwamiti su huɗu ne, da Shugaba biyar. Na miƙa rajista, na ajiye takardar a kai. Mai tabarau, wanda ke jagorancinsu, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa aka fito da kwalbar daga kabad. Ya warware takardata ya ɗora a kan tsohuwar. Shaidar busasshen gam na nan a gefe huɗu, ta zauna daidai.

Aka kira Malam. Ya ce shi dai shi ya haɗa, matar nan tausayi ne ya ruɗa ta. Mai tabarau ya ce, "To, Malam, mu je sito ka nuna mana ma'aunin da ka auna da shi." Muka ɗunguma. Malam ya buɗe kabad na farko, tsintsiya da bokiti. Ya buɗe na biyu, bututun gwaji. Ya tsaya a tsakiyar sito yana waige-waige, tsoho da furfurarsa, an kama shi kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, ban yi ko ɗaya ba.

Shugaba ba ta kalle ni ba. Malam ma bai kalle ni ba.

Asabar, ƙarfe huɗu

Na je gidan su yarinyar. Uwar na kan keken ɗinki a tsakar gida. Na gaya mata a tsaye, ban bari ta kawo tabarma ba. Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

Ta ce, "Kika bar ni ina zagin tsoho a gabanki."

Na ce, "E."

"Hannunki a cikin nawa."

"E."

Ta ce, "Tafi, baiwar Allah. Ba yau ba."

Ta labule na hango yarinyar a zaune da littafi, ta kusanto da shi sosai ga fuska. Na tafi.

Talata, ƙarfe biyu

Wasiƙa ta zo. Ni an dakatar da ni har ƙarshen shekara, sannan a duba. Gobe da sha biyu zan miƙa makullai. Malam gargaɗi aka rubuta masa, don ƙaryar da ya yi da kuma barin yara ba tabarau na kariya. Zai ƙarasa zangonsa.

Na ci abinci, har na ƙara. Maigida ya ce in haka dakatarwa take, shi ma a rubuto masa.

Laraba, ƙarfe uku na yamma

Na je da wuri don in kwashe kayana, kofi, tawul, da takalmin roba. Ina cikin naɗe tawul na ji mutum a bakin ƙofa. Malam ne. Ya tsaya daidai dokin ƙofa, bai tsallako ba. Rabon da ya yi mini magana tun wayar nan.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ina da gwaji da 'yan aji huɗu. Ruwan gishiri nake so."

Na ce, "Malam, ai an dakatar da ni."

Ya duba agogo. "Sai sha biyu. Yanzu sha ɗaya da kwata."

Na mayar da farar rigata. Na ɗauko ma'auni, na auna gishiri, na narka, na zuba a kwalbar da na wanke sau uku, na rubuta suna da kwanan wata, na manna. Duk yana tsaye yana kallon bango. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya zai tafi, ko kallon jikin kwalbar bai yi ba.

Na ce, "Malam, karanta."

Ya tsaya.

"Karanta, don Allah. Ka sa farce ka duba ƙasanta."

Ya ciro tabarau ya sa. Ya karanta da ƙarfi, da muryarsa ta aji, "Sodiyam kuloraid." Ya sa farcen babban yatsa ya ɗaga gefen takardar, ya leƙa, ya mayar ya danne. Ya duba murfin.

Ya ce, "Kin ɓata mini shiri, 'yata."

"Na sani."

"Ban yafe ba tukuna."

"To, Malam."

Ya shiga aji. Na ji kujeru sun yi ƙara gaba ɗaya, yara sun miƙe, wata har da ihu, yana ta cewa su zauna, su zauna, kowa ya sa tabaransa, wanda bai sa ba ya fita. Na kulle sito na tsaya a baranda da makullai a hannu, ina jinsa ta bango. Sha biyu ta wuce da minti goma kafin na kai su ofis, ban iya tafiya ba sai da ya gama darasin.